Sikila da Jin Haushin Iyaye

Tambaya: Likita, ina da sikila. Duk sanda ciwon ya tashi sai in ji haushin iyayena da suka yi aure ba gwajin jini, daga baya kuma in ji kunyar Allah. Imanina ne ya yi rauni?

Amsa: 'Yata, Allah ya ba ki lafiya. Imaninki na nan, gajiya ce ta yi miki yawa. Wanda ya kwana yana juyi ƙashinsa na sara, gari ya waye aka ce masa "haba, yi haƙuri mana", dole zuciyarsa ta nemi mai laifi.

Ki duba lamarin iyayenki da adalci. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila a jininsa, kuma mai AS lafiyarsa ƙalau, ba abin da zai nuna masa. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. A zamanin aurensu wa ke maganar gwaji? Ko a Kano sai 2024 aka yi dokar tilasta gwaji kafin aure. Mahaifiyar da take gasa miki ƙafa da ruwan ɗumi cikin dare, mai yiwuwa ta daɗe tana tuhumar kanta fiye da yadda kike tuhumarta.

Yafiya ba za ta sauya jininki ba, kada wani ya ruɗe ki. Amma ƙullaci yana hana barci, yana ɗaure jijiyoyi, rashin barci kuma yana ƙara zafin ciwo. Damuwa ma tana cikin abubuwan da ke tayar da shi, kamar sanyi da ƙarancin ruwa a jiki. Don kanki za ki yafe, kuma ba a rana ɗaya ba. Ki sami lokacin da jiki ya lafa, ki zauna da mahaifiyarki ki faɗa mata abin da ke ranki. In baki ya yi nauyi, ki fara da gwaggo ko yayar da kika yarda da ita.

Kuka da kai ƙara ga Ubangiji ba su ɓata haƙuri. Annabi Ayyuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya kai kukan cutarsa ga Allah. Masu cewa yawan kuka rashin tawakkali ne, galibinsu ba su taɓa kwana da ciwon ba.

Ki riƙe addu'a, ki riƙe asibiti, ki tambayi likitanki ko maganin hydroxyurea ya dace da ke. Ki guji yi wa kanki allurar pentazocine a gida, ta kama masu sikila da yawa. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu, abinci da barci suka gagara, ko kika fara jin gara mutuwa, ki gaya wa likita a ranar, ya haɗa ki da likitan ƙwaƙwalwa. Zuwa wurinsa ba hauka ba ne.