Darasi: Yadda aka ga bayan bushiya, da abin da ya rage wa makiyaya

Ƴan'uwa makiyaya da manoma masu kiwo, tsofaffinmu sun san bushiya. In ta faɗa garke, sai zazzaɓi, hawaye, gyambo cikin baki da zawo, kwana kaɗan shanu su zube. Yau babu ita ko'ina cikin duniya. Ga yadda aka yi.

1. Mi ke kawo ciwon?

Wata ƙwaya ce da ido ba ya gani, wadda likitoci ke kira birus. Teramisin ba ya kashe ta. Makaminta guda ne, rigakafi.

2. Mine ne rigakafi?

Ita dai wannan ƙwaya ce aka raunana cikin ɗakin bincike. In aka sa ta jikin bisa, jini ya koyi yaƙi da ita, ranar da ciwon gaske ya zo ya tarar da ƙofa kulle. Wani Baturen Ingila, Walter Plowright, ya haɗa rigakafin bushiya a Kenya wajen 1960. Allura guda ta ishe saniya har ƙarshen ranta.

Amma ƙwayar mai rai ce, zafi na kashe ta. Dole a riƙe ta cikin ƙanƙara, ga daji da nisa, garkuna da yawa ba a kai gare su ba. Da aka sassauta aiki, ciwon ya komo farkon shekarun 1980, ya yi ɓarna.

3. Aikin jami'a

Masu bincike na jami'ar Tufts ta Amurka, su Jeffrey Mariner, suka gyara hanyar busar da rigakafin, har ya iya kwana 30 babu firiji. Nan Nijar aka gwada shi kan shanun makiyaya, sakamakon ya fito a 1990. An yi ganin ƙarshe na ciwon a Kenya a 2001, aka shelanta ƙarewarsa a 2011.

4. Saura ƙanwarta

Awaki da tumaki na da tasu, wadda ake kira PPR: zazzaɓi, majina, gyambon baki, tari da zawo. Ƙwayarta dangin ta bushiya ce. Rigakafinta na kare bisa shekara 3 ko fiye. A 2015, a Abijan, ƙasashe sun yi niyyar kawar da ita nan da 2030.

5. Abin da ke wuyanku

- Ranar allura, ku kawo garke duka, har da awakin mata na gida. Bisa guda da aka ɓoye na iya riƙe ciwon cikin gari.
- Allura ta mai lafiya ce. Kada a jira ciwo ya shigo.
- Kada ku sayi rigakafin da ya sha rana a kasuwa. Ƙwayar ta mutu, kuɗi sun tafi banza.
- Bisar da aka sayo, a ware ta mako 3 kafin ta shiga garke.
- In kun ga majina da zawo tare cikin awaki, ku gaya wa ma'aikacin kiwo tun ranar.

Masana sun yi nasu. Amma rigakafin da ke cikin kwalba bai taɓa kare akuya ba, sai mai ita ya jawo ta wurin allura. Allah ya ba mu lafiyar dukiya.