Gwajin Hawthorne da Darasinsa Ga Mai Son Nazarin Halayyar Ma'aikata

Gabatarwa

Ma'aikaci yakan shafe sa'o'i takwas ko fiye a bakin aikinsa kowace rana. Abin da ya same shi a can, na daɗi ko na wuya, yakan bi shi har gida, wani lokaci ma har gadon asibiti. Wannan ne ya sa aka sami wani reshe na ilmin halayyar ɗan'adam wanda ya keɓanta ga nazarin mutum a wurin aiki: yadda ake zaɓarsa, da yadda ake horar da shi, da abin da ke sa shi himma ko kasala, da kuma yadda cuɗanya da abokan aiki da shugabanni take sauya ɗabi'arsa. Galibi a matakin digiri na biyu ake ƙwarewa a wannan fanni. Wannan maƙala za ta bi diddigin wani shahararren gwaji da kusan kowane ɗalibin fannin yake cin karo da shi tun farkon karatunsa, domin a ga abin da fannin ya ƙunsa da kuma irin tarkon da ke jiran mai bincike a cikinsa.

Kafin Hawthorne

A farkon ƙarni na 20 masu masana'antu a Amurka sun ɗauki ma'aikaci tamkar wani sashe na injin da yake sarrafawa. Injiniya Frederick Taylor, wanda ya buga littafinsa kan tafiyar da aiki bisa tsarin kimiyya a 1911, yakan tsaya da agogo a hannu yana auna daƙiƙoƙin da kowane motsi na ma'aikaci yake ci. A ganinsa kowane aiki yana da hanya guda mafi kyau ta yin sa. Idan aka gano ta, aka koya wa lebura, aka kuma biya shi gwargwadon abin da ya yi, to an gama. Bisa wannan tunani, ƙarin haske da daidaita hutu da ƙarin lada su ne za su ƙara yawan aiki, kamar yadda mai da gyara suke ƙara wa inji ƙarfi.

Gwajin Haske

A wancan zamani kamfanin Western Electric yana da wata katafariyar masana'anta mai suna Hawthorne a gefen birnin Shikago, inda dubun-dubatar ma'aikata suke ƙera kayan wayar tarho. Daga 1924 zuwa 1927 aka gudanar da gwaji a can don a san yawan hasken fitila da ya fi dacewa da aiki. An ware rukunin da ake sauya wa haske, da wani rukunin da aka bari yadda yake don kwatanci. Rahotannin lokacin sun ce aiki ya ƙaru a rukunin da aka ƙara wa haske, sai dai ya ƙaru a ɗayan ma. Da aka shiga rage hasken kuma, aikin bai ragu ba sai da wurin ya dushe har idanu suka kasa gani sosai. Ruwa ba ya tsami banza. Masu binciken suka fahimci akwai wani abu ban da fitila da yake aiki a kan mutanen.

Ɗakin Mata Biyar

A 1927 aka keɓe mata biyar a wani ɗaki na dabam, tare da ta shida mai miƙa musu kayan aiki. Aikinsu shi ne harhaɗa wani ɗan ƙaramin makunnin lantarki na tarho, wanda yake da sassa fiye da 30, kuma yakan ci kamar minti guda. Duk wanda aka gama sai a jefa shi cikin wani maƙoroƙoro, na'ura ta huda takarda ta nuna lokacin da aka gama shi. Aka zaunar da mai lura a ɗakin yana rubuta abin da ke gudana, har da hirarsu.

Daga nan aka shiga sauya sharuɗɗan aiki zango bayan zango. An ba su hutun minti 5, aka mayar da shi minti 10, aka kawo abin taɓawa da hantsi, aka rage lokacin tashi, har aka gwada ba su hutun ranar Asabar. Kusan kowane sauyi aka yi sai aiki ya ƙaru. A zango na 12, cikin 1928, aka janye dukkan waɗannan sauƙi aka koma mako mai sa'o'i 48 ba hutu ba abin taɓawa, sai ga shi jimlar abin da suka harhaɗa a mako ta zarce ta kowane zango da ya gabata.

Elton Mayo, ɗan asalin Ostareliya da ke koyarwa a Jami'ar Harvard, shi ya fi kowa yayata fassarar wannan sakamako, musamman a littafinsa na 1933. Ya ce matan sun zama ƙungiya mai jin kanta, ana shawara da su kafin a sauya wani abu, kuma mai lura da su bai yi musu tsawa irin ta fomanin babban zaure. Daga baya, a shekarun 1950, aka laƙaba wa wannan al'amari suna “tasirin Hawthorne”, wato mutum ya sauya halinsa saboda ya san ana kallonsa.

Ɗakin Maza 14

Gwajin ƙarshe, daga 1931 zuwa 1932, ya nuna ɗaya fuskar. An sa ido a kan maza 14 masu haɗa wayoyi, ba tare da an sauya musu komai ba. Ko da yake ladansu yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan aikin rukuninsu, sai aka tarar sun yanka wa kansu iyakar abin da za su yi a yini. Wanda ya wuce iyakar sai a yi ta yi masa ba'a, ko a kai masa naushi a dantse. Wanda ya gaza ta ƙwarai a ce da shi macuci, mai kai ƙara wurin shugaba kuwa shi aka fi ƙi. Lokacin karayar tattalin arziki ne wadda ta fara a 1929, kuma mutanen suna tsoron idan suka nuna iyakar ƙarfinsu za a ƙara musu nauyi ko a sallami wasunsu. A nan aka ga cewa a ƙarƙashin tsarin da hukuma ta rubuta a takarda akwai wani tsarin da ma'aikata suka ƙulla a tsakaninsu, kuma sau da yawa shi ya fi tasiri. Nazarin wannan shi ne tushen abin da ake kira ilmin halayyar ƙungiya.

Kurakuran Gwajin

Mai nazarin tsirrai da yake son ya san amfanin wani taki yakan raba gona biyu, ya shuka iri ɗaya, ya ba su ruwa daidai, ya zuba takin a ɓangare guda kawai. Abu ɗaya yake sauyawa, kuma masara ba ta san ana auna ta ba. Idan aka ɗora gwajin mata biyar a kan wannan ma'auni, za a ga ya gaza ta fuskoki da dama. Mutum biyar sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu. Babu rukunin kwatanci. Tun a zangon farko-farko aka sauya musu tsarin biya, ya zamana ladan kowace ya dogara ga ƙoƙarin su biyar maimakon na babban rukuni, wanda shi kaɗai ya isa ya ƙara himma. Bugu da ƙari, a farkon 1928 an fitar da biyu daga cikinsu saboda yawan surutu da raguwar aiki, aka kawo wasu, kuma ɗaya daga cikin sababbin ta zama mafi sauri a ɗakin. Alex Carey ya yi wa waɗannan kurakurai fiɗa a wata maƙala da ya buga a 1967.

Gwajin haske ma bai tsira ba. Masana tattalin arziki biyu, Steven Levitt da John List, sun samo ainihin alƙaluman gwajin, waɗanda aka daɗe ana zaton sun ɓace, suka buga nazarinsu a 2011. Sun gano cewa ranar Lahadi, da masana'anta take rufe, ake sauya fitilu, don haka ranar Litinin ake ganin sakamakon. To amma aiki yakan ƙaru ranar Litinin ko an taɓa fitila ko ba a taɓa ba. Ke nan wani babban kaso na abin da aka yi shekaru ana danganta wa kulawa, bambancin ranakun mako ne kurum.

Alaƙar Aiki da Lafiyar Jiki

Duk da haka tambayar da Hawthorne ta tayar ta ci gaba da haifar da bincike mai inganci. Tun a 1936 Hans Selye ya nuna, ta hanyar gwaji da ɓeraye, cewa jiki yana da martani iri ɗaya ga matsi kowane iri. Wasu ƙullutai biyu da ke bisa ƙoda suna sakin sinadarai, ciki har da kotisol, waɗanda ke ɗaga sukarin jini da hawansa. Wannan martani yana da amfani na ɗan lokaci, amma idan ya dawwama yakan yi wa zuciya da jijiyoyin jini illa. A 1979 Robert Karasek ya kawo ra'ayin cewa aikin da ya fi cutarwa shi ne mai nauyi da yawa wanda kuma mai yin sa ba shi da ta cewa a kan yadda zai yi shi. A Landan an fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000 a 1967, aka tarar cikin shekaru 10 mace-mace a tsakanin masu ƙaramin muƙami ya ninka na manya kusan sau uku. Bincike na biyu da Michael Marmot ya jagoranta daga 1985, a kan maza da mata fiye da 10,000, ya sami alaƙa tsakanin rashin iko a kan aiki da ciwon zuciya.

Abin da Ɗalibi Zai Tarar

A Ingila digiri na biyu a ilmin halayyar ma'aikata yakan ɗauki shekara guda ga mai cikakken karatu, kuma wanda yake son ya zama ƙwararre mai rajista galibi ana bukatar ya zo da digirin farko a ilmin halayyar ɗan'adam. Kwasa-kwasan halayyar ƙungiya kuwa, waɗanda galibi ake bayarwa a tsangayar kasuwanci, sukan karɓi ɗalibai daga fannoni dabam-dabam. Darussan sun haɗa da tantance masu neman aiki, da horaswa, da shugabanci, da lafiyar ma'aikata, da sauyin tsari a ma'aikata. Amma ƙashin bayan karatun shi ne ƙididdiga da dabarun bincike, kuma a nan ne da yawa suke shan wuya. A ƙarshe ɗalibi zai rubuta kundi a kan binciken da ya gudanar da kansa, sau da yawa a wata ma'aikata ta gaske.

Kammalawa

Wanda ya kammala wannan karatu shi za a nemi shawararsa kan wa za a ɗauka aiki, wa za a ƙara wa girma, da sa'o'i nawa ma'aikaciyar jinya za ta kwana tana aiki. Idan ya gina shawararsa a kan gwaji mai rauni, abincin wasu da lafiyarsu ne za su biya kuɗin kuskuren. Don haka kafin ya karɓi kowane sakamako, nasa ko na wani, wajibi ne ya tambaya: mutum nawa aka auna, da wa aka kwatanta su, abu nawa aka sauya a lokaci guda, kuma shin sun san ana kallonsu?