Juya Katin Kafin Ka Biya

Duk mai son tara katunan 'yan wasan besbol na jerin T206, waɗanda kamfanin American Tobacco na Amurka ya riƙa sakawa cikin kwalayen sigari daga 1909 zuwa 1911, ya fara da duba bayan katin. Fuska 524 ce a jerin, amma tallan da ke baya shi ke yanke farashi. Masu tallan sigarin Piedmont da Sweet Caporal sun cika kasuwa, masu na Drum da Uzit kuwa sai an tona, don haka ɗan wasan da ba a san shi ba kan fi tauraro tsada idan bayansa na Drum ne. Haka ma kurakuran ɗab'i: an rubuta sunan ɗan wasa Sherry Magee da "Magie", aka gyara da wuri, sai na kuskuren suka yi ƙaranci. Matsalar ita ce harafi ɗaya ba ya wa ɗan damfara wuyar kankarewa, shi ya sa ya kamata ka sa madubin ƙara girma ka duba ɗigon tawada.

Wani zai ce ai hatimin kamfanin tantancewa kamar PSA ya wadatar. Yana taimakawa ƙwarai, kuma kada ka sayi "Magie" babu shi. Sai dai katin ɗan wasa Honus Wagner da tauraron wasan hoki Wayne Gretzky ya taɓa mallaka ya samu maki 8 daga PSA, kuma a 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a kotu cewa ya datse gefensa. Auna tsawo da faɗi da kanka, ka gwada da katin Piedmont mai araha.