Kafin Ka Biya Kuɗin Tsohon Takalmin Fata

In ka ci karo da sau-ciki a gwanjo ana ce maka tsohon ɗinkin Ingila ne, kada ƙyallin man gogewa ya ruɗe ka. Fara da kife shi. Takalman garin Northampton na Ingila, irin su Church's da Crockett & Jones, akasarinsu ɗinkin Goodyear ne: siririyar fata ta zagaye gefen, an ɗinke ta da tafin da zare na gaske, shi ya sa baduku zai iya sauya tafin sau da yawa. Sa farce ka sosa ɗinkin. Na jabu zane ne kawai a jikin roba, gam ne ya riƙe komai.

Sai ka danna saman da babban yatsa. Fata takan yi ƙananan tamoji, ga ƙofofin gashi da ƙamshin jima, ita kuwa leda ɓarewa take yi kamar tsohon fenti.

Leƙa ciki ka nemi lambar girma, ta faɗi da ta samfuri. Dole ƙafa biyun su zo ɗaya. A tambarin Church's, duba jerin biranen: in babu Milan, galibi takalmin ya riga shekarar 1999, lokacin da Prada ta sayi kamfanin.

In saman ya tsattsage, bar musu kayansu, ba ya gyaruwa.