Ga masu sayar da Wi-Fi a Magamar Jibiya

Duk mai raba intanet ga direbobi da 'yan kasuwar da ke jiran ƙetarawa Maradi ya san lambar MAC, wadda na'ura ke gane kowace waya da ita. Alamomi 12 ne, daga 0 zuwa 9 da A zuwa F kawai. Ka ga harafin O a ciki, sifili ne aka rubuta ba daidai ba.

Inda ake samun cikas shi ne rubutun. Android na raba ta bibbiyu da ɗigo biyu, Windows da karan ɗori, Cisco kuwa hurhuɗu da aya. Lamba ɗaya ce, amma manhajar da ba a gyara ba sai ta ɗauke su uku, ta hana wanda ya biya kuɗinsa shiga. Don haka kafin ka adana, share duk alamomin rabuwa, mayar da haruffan manya, ƙirga ka tabbatar 12 ne. A Excel kuma, sa gurbin ya zama na rubutu tun farko, in ba haka ba zai iya haɗiye sifilin gaba.

Sai ka duba alama ta biyu. In 2, 6, A ko E ce, wayar ce ta ƙirƙiro lambar don sirri, abin da Android 10 da iOS 14 ke yi. Tana iya canzawa, shi ya sa na fi son a ɗaura kuɗin mutum a kan tikiti mai kalmar sirri.