Tokar Kwal da Dutsen da Ke Kama Iska

A ƙasar Daura toka ba abin zubarwa ba ce. Mata kan tsiyaye ta su sami ruwan toka na dafa wake da haɗa sabulun salo, marina kuwa ba sa haɗa baba sai da ita. To, akwai wata toka dabam wadda ba ta shiga tukunya, watau tokar kwal, irin wadda ke taruwa a tashar lantarki ta Anu Araren, can arewa da Daura cikin jihar Agadas ta Nijar.

Mafi yawan wannan toka sinadaran yashi ne da na laka. Idan aka cuɗa ta da sodar sabulu aka dafa cikin ruwa na sa'o'i masu yawa, sai ta rikiɗe ta zama wani garin dutse da ake kira ziyolait. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Cronstedt, shi ya raɗa wannan suna a 1756, ma'anarsa dutse mai tafasa. Jikinsa cike yake da ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. In hayaƙi ya ratsa su, iskar kabon, wadda ke ƙara ɗumama duniya, sai ta maƙale, sauran iska ta wuce. In an gasa shi ya sake ta a tara, a kuma mayar da shi bakin aiki.

Cikas ɗinsa shi ne laima, domin ya fi son tururi bisa ga kabon. Bushewar hunturun Daura ma ba za ta cece shi ba, tun da hayaƙin kwal da tururinsa yake fitowa, sai an busar da shi tukuna.