Kardan na ƙara: a canja ko a gyara?

Wasunmu da tasi suke ciyar da gida, tsakanin Agoè-Zongo da kasuwar Asigame. Kafin mu fitar da kuɗin kardan, mu gwada: a murɗa sitiyari har ƙarshe, a ja mota a hankali. In an ji ƙas-ƙas-ƙas, ya ci, sai canji. In ya tsinke a hanya, mota ta tsaya ke nan. In ba ƙara, robarsa ce kawai ta yage, a wanke, a sa giris da sabuwar roba tun yashin Lomé bai shiga ba.

Robar da ke tare man giya kuwa, a ganinmu a canja ta tunda an zare kardan, don ba ta da tsada. Bakanike ya cika man a gabanmu.